Yadda ake sakin ruwan dam ba tare da an kashe kogin da ke ƙasa ba

Shekara 23 na yi ina aiki a bakin wani dam na ƙasa, irin wanda aka tara jar ƙasa aka daɓe. Bai kama ƙafar Tiga ba wajen girma, amma yana shayar da gari guda da gonakin rani, kuma ƙauyuka fiye da goma ne ke jere a bin kogin da ke ƙasansa. Da karanta geji, wato ma'aunin tsayin ruwa, na fara, ƙarfe bakwai na safe da shida na yamma, in rubuta a littafi. Daga baya aka damƙa mini mabuɗin ɗakin bawul. Wannan rubutu na yi shi ne don yaran da ake ba irin wannan mabuɗi yanzu, da kuma shugabannin manoma da masunta da ake kira taron ruwa su zauna shiru saboda ba su san abin da za su nema ba.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne kogin ƙasarmu numfashi yake yi. Da damina ya cika ya hau fadama, da rani ya ja ya bar yashi fari fat. Kifi da shinkafa da ciyawar burgu da rijiyoyin ƙauye, duk a kan wannan shiga da fita suke rayuwa. Ranar da aka datse kogi, numfashin ya koma hannun mai murɗa bawul. Ruwan da sama ke bayarwa bai canza ba, amma yaushe aka sake shi, nawa, da wane sauri, shi ke raba fadamar da ke ciyar da mutane da wadda ta zama dajin kacalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa.

Ka fara sanin kogin yadda yake kafin a datse shi

Kafin ka taɓa ƙofa, nemi tsofaffin littattafan geji na shekarun da babu dam. Sau da yawa za ka tarar gara ta ci rabi, ko an tsallake shekaru ba a rubuta komai ba. Kada wannan ya sare maka gwiwa. Hau babur ka bi kogin ƙauye-ƙauye, ka zauna da sarkin ruwa, da sarkin noma, da arɗon da ke saukowa fadama da rani, kowa shi kaɗai, domin in ka haɗa su zaure ɗaya mai babbar murya ne kawai zai yi magana. Tambayoyin ba su da yawa: yaushe sabon ruwa ke isowa, ina yake kaiwa a shekarar kirki, kwana nawa yake kwanciya a gonar shinkafa, yaushe ake fara haye kogin da ƙafa.

A ƙauye na huɗu daga dam ɗinmu, wani tsohon masunci ya ja ni gindin wata giyayya, ya aza tafin hannunsa a kan kututturen daidai ƙirjinsa. Ya ce, "Yaro, nan ruwa ke tsayawa shekarar da za a ci shinkafa." Ya sauke hannun zuwa gwiwa. "In nan ya tsaya, wake za a ci." Na ce, "Baba, yanzu fa?" Bai ce komai ba, sai ya caki ƙasa da sandarsa, ƙura ta tashi. Washegari na dawo da fenti da abin awo, na daidaita wurin da ya aza hannu da gejin gadar ƙauyen. Ya faɗo a mita 2 da santimita 40. Daga ranar na samu lambar da nake nema, kuma babu takardar ofis ɗin da ta taɓa ba ni ita.

In ka gama zagayen, ja wata 12 a jere a babbar takarda, ka zana layi biyu: yadda kogin ke hawa da sauka a da, da yadda yake yi yanzu. Ka liƙa ta a bangon ɗakin bawul inda za ka riƙa ganinta kullum.

Hannu iri uku da na gani a kan bawul

Akwai mai rowa. Daga ruwan farko ya toshe komai, burinsa ya ga tafki ya cika maƙil. Sai a shiga Agusta dam ya riga ya kai wuya, marka ta sauko, babu wurin zuba sabon ruwa, dole a buɗe komai lokaci guda. Mutanen ƙasa sun sha kashi biyu ke nan. A Yuli, lokacin da tarwaɗa da bargi ke jiran ruwa ya hau ciyawa su bi shi su zuba ƙwai, kogi na kwance. A ƙarshen Agusta kuma ruwan wata guda ya zo musu a kwana uku ya kwashe shuka da gidajen ƙasa. Shi kansa dam ɗin yana cikin haɗari, don tarin ƙasa ne, in ruwa ya bi ta kansa ya gama yawo. Wanda ya ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988, ko yadda ruwan dam ɗin Alau ya shiga Maiduguri a Satumban 2024, ya san ba abin wasa ba ne.

Akwai mai ɗigo, kuma a kansa zan daɗe, domin shi ne wanda kowa ke ɗauka mai kirki. Yana sakin ɗan ruwa kullum, damina da rani, kogi ba ya cika ba ya ƙafewa. In ka tsaya a gada ka ga ruwa na gudu a watan Maris sai ka ce albarka ce. Ni ma haka na ɗauka, har na je fadamar Haɗejiya da Nguru na gani da idona.

An gama Tiga a 1974 a kan kogin Kano, aka gama Calawa a 1992 kusa da Ƙaraye. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Da rani ana sakin ruwa don famfon birnin Kano, da noman Kadawa, da na kwarin Haɗejiya wajen Auyo, kuma duk buƙatu ne na gaskiya. Amma sakamakon shi ne kogin da a da yake bushewa watanni ya daina bushewa, cikowar damina kuma ta ragu. Filin da ruwa ke malalewa a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, daga baya ya sauko zuwa 100,000 ko ƙasa da haka, ko da yake fari ma yana da nasa kaso a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kacalla ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ba ya tafiya ko'ina. Ta kafa saiwa a hanyoyin ruwa, ta riƙa tare laka, lakar ta ƙara mata wurin zama. Reshen kogin da ake kira Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suka toshe, ruwan ya karkata ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Wasu ƙauyuka gonakinsu na cikin ruwa shekara ta zagayo, wasu kuma can gaba suna kallon busasshiyar hanya. Ɗan kaɗan ne na ruwan Haɗejiya ke isa Gashuwa. Abin da ke rayar da kogin Yobe yanzu shi ne kogin Jama'are, wanda har yau ba babban dam a kansa tunda ba a kammala dam ɗin Kafin Zaki ba.

Na shiga kwale-kwale a can wata safiya. Hanyar da muke bi faɗinta bai fi na kwale-kwalen ba, kacalla dama da hagu ta ninka tsayin mutum, ba iska, sai sauro. Mai tuƙin ya doki gefen jirgin da sanda, jan-baki suka tashi daga cikinta kamar hayaƙi har suka rufe mana rana. A bakin ganga yara na jan igiya mai gwangwanaye don korar su daga 'yar shinkafar da ta rage. Na sa hannu na tumɓuko kacalla guda, jikin saiwar duk ƙananan dodon koɗi, irin masu ɗauke da tsargiya ga mutane da ciwon hanta ga shanu. A hanyar dawowa ban iya cewa komai ba, domin na tuna bawul ɗinmu da ke yoyo shekara da shekaru, da ɗan koren da ya fara tsirowa a ƙasan gadar ƙauye na biyu.

Hannu na uku shi ne wanda ke bin kalandar kogin gwargwadon iko: ya ba shi cikowarsa da damina, ya bar shi ya bushe da rani. Sauran maganar duk a kan yadda ake yin wannan ne.

Yi lissafin da hannunka

Lamba ɗaya ka haddace: kubik mita 1 a daƙiƙa, wato a kowane sakan, in ya yi yini da kwana yana gudu, ya zama kubik mita 86,400. Yanzu ɗauki ɗigon kubik mita 2 a daƙiƙa na tsawon wata bakwai na rani, kwana 210. Ya haura kubik mita miliyan 36. Wannan ruwa dai, in ka tara shi ka sake shi cikin kwana 14, zai ba ka kubik mita 30 a daƙiƙa. A kogi irin namu wannan ya isa ya ɗaga ruwa ya hau fadama in ya haɗu da na damina. Ruwa ɗaya ne, a hanya ta farko kacalla ka shayar, a ta biyu shinkafa da kifi.

Ka kuma tuna rana na shan nata. A arewa tafki na rasa kusan mita 2 na zurfinsa a shekara ta tururi, wato kowane murabba'in kilomita ɗaya na fuskar ruwa yana ba sama wajen kubik mita miliyan 2. Ruwan da ka hana kogi don ka ga tafki a cike, wani kaso nasa ba kowa zai sha ba.

A takardar rabo, ruwan sha na gari ne farko, wannan ba gardama. Amma kason kogi a rubuta shi da sunansa da adadinsa kamar yadda ake rubuta na noman rani, kada a ce sai abin da ya rage, don ba ya raguwa. In wani ya ce maka ruwan da ya wuce dam asara ne, ka gaya masa masu bincike sun auna wannan a farkon shekarun 1990, suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, noma da su da itace, da abin da yake samarwa a babban aikin ban-ruwa na kogin Kano, suka tarar a kan kowace kubik mita fadamar ta fi nesa ba kusa ba. Kuma ba su ma saka kiwo da cika rijiyoyi a wannan lissafi ba.

Takarda uku za ka shirya tun kafin damina: ta shekarar ruwa, ta matsakaiciya, ta fari. Hasashen da hukumar yanayi ta ƙasa ke fitarwa farkon shekara zai taimaka, amma gejinka na Yuli shi ne alƙali. A shekarar fari, shawarata kada ka saki rabin cikowa. Ruwan da bai hau ganga ba bai yi wa fadama komai ba, ka ɓarar da shi ne kawai. Gara ka faɗa wa mutane gaskiya da wuri, tun ba su watsa irin shinkafarsu ba, su san abin da za su shuka.

Cikowar da aka shirya

Fara duba abin da ƙofofinka za su iya fitarwa. Dam da yawa na ƙasarmu an gina su ne don tarawa, ba a yi musu mafitar da za ta iya tayar da cikowa ba, kuma Tiga na cikinsu. In naka haka yake, kada ka ce ba yadda za a yi. Ka hau bayan ruwan Allah: akwai ƙoramu da rafuka da ke shiga kogin a ƙasan dam, ba wanda ya datse su. Ka saka geji a bakin manyan cikinsu. Ranar da suka ɗauko, a cikin marka, ranar za ka ƙara naka a kai. Naka kaɗai ba zai kai alamar giyayya ba, nasu kaɗai ma haka, amma tare suna kaiwa.

Hawan ya zama sannu. Abin da na koya daga manoman shinkafarmu shi ne kada ruwa ya wuce taƙi ɗaya a yini a gona, domin shinkafar fadama tana miƙa wuya ta bi ruwa in ya ba ta lokaci, in ya yi mata tsalle kuwa nutsewa take yi. Saboda haka bawul ba a buɗe shi gaba ɗaya. Murɗa kaɗan da safe, ka jira rahoton geji na ƙauyuka, gobe ka ƙara. Ka san kwana nawa ruwanka ke yi kafin ya isa kowane ƙauye. Namu kwana biyu da rabi yake yi zuwa ƙauye na ƙarshe, kuma sai da na bi shi da babur sau uku kafin na tabbatar.

In ya kai inda kake so, riƙe shi a nan. Cikowar kwana uku ta jiƙa saman ƙasa ne kawai. Sai ruwa ya yi makonni a kwance kafin ya ratsa ya cika rijiyoyi, 'ya'yan kifi su yi ƙwari a cikin ciyawa, gabaruwa da giyayya da goribar bakin fadama su sha su ƙoshi.

Saukar ta fi hawan wuya, kuma nan aka fi yin kuskure, don da zarar an ga an yi abin da aka ce sai a rufe ƙofa a tafi. In ruwa ya ja da gaggawa, ƙananan kifi na maƙalewa a kududdufai su mutu kafin su kai girman yatsa, gangar da ta sha ruwa ta zube cikin kogi da gonar da ke kanta. Ka sauke shi a hankali fiye da yadda ka hau da shi, yadda manomi zai riƙa bin bayan ruwan yana dasa wake da rogo a danshi, makiyayi kuma ya tarar da burgu ta tashi. Kuma cikowa ɗaya ake yi, ba biyu ba. A kogin Senegal, bayan an gama dam ɗin Manantali a Mali a 1988, an riƙa sakin cikowa don masu noman bayan ruwa. Shekarun da aka yi ta daidai an ci amfani. Amma an yi shekarar da ruwa ya ja, mutane suka shuka, sai wani ruwan ya sake biyowa ya kashe tsiron. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai ƙara yarda da sanarwarka ba.

Wani lokacin ma ƙofar da ke buƙatar buɗewa ba a jikin dam take ba. A arewacin Kamaru an gina dam ɗin Maga a 1979 don noman shinkafa, tare da ganuwa a bakin kogin Logon, fadamar Waza ta bushe. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da ganuwar ta toshe, ruwa ya koma wani yanki na fadamar, ciyawa mai ɗorewa ta fara dawowa, kifi da makiyaya suka biyo ta. Don haka kafin ka saki ruwa, bi hanyoyinsa ka ga ina titi ko kwalbati ko shingen masunta ya tare, a yi gayya a buɗe tun da bazara.

Rufe ƙofa da rani

Wannan ne mai ɗaci, kuma ba zan ɓoye ba. Shekarun da aka yi ana ɗigo, mutane sun gina rayuwa a kansa. Mai tumatir da attarugu ya sayi injin ban-ruwa, mai alkama ya ci bashin taki. Ba za ka tashi rana ɗaya ka rufe musu ruwa ba, zalunci ne. Amma in ba a bar kogin ya bushe ko na wata biyu ba, nan da shekara goma kacalla za ta karɓe gonakin nasu duka.

Yadda muka bi da namu shi ne, muka daina sakin ruwa kullum muka koma zubi-zubi: kwana biyar a buɗe, kowa ya shayar ya cika ramukansa, sannan a rufe kwana goma. Bayan an yanke alkama, daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko, rufewa ruf. Masu lambun da ke son wucewa haka muka taimaka musu da 'yan rijiyoyin fadama, kuma abin da ya ba su mamaki shi ne rijiyoyin sun fi ruwa a shekarun da aka yi cikowa mai kyau. Inda kogi ya rabu biyu ko uku, ana iya busar da reshe ɗaya bana, ɗaya baɗi.

Kafin ka rufe, a shiga a yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa, ba a sama ba. Ta cikin ganyenta take kai iska ga saiwa, in ruwa ya rufe wurin yankan sai ta shaƙe. Sau biyu ko uku ake yi kafin ta karaya. Wadda ta rage a busasshen wuri a bar zafin Afrilu ya dafa ta, a ƙone, a saki shanu su tattake. Guraben kogi masu zurfi kuwa, waɗanda ba sa ƙafewa tun asali, a bar su, kuma sarkin ruwa ya hana su a cikinsu har damina, don nan iyayen kifin baɗi ke fakewa.

Abu biyu ke sa a kasa rufewa ko an so. Ɗaya bawul mai yoyo, wanda gyaransa bai kai kuɗin yankan kacalla na shekara guda ba. Ɗaya kuma bakin famfon gari da yashi ya cike, sai a riƙa sakin ruwa mai yawa don kawai ya ɗaga ya kai bakin bututu. Yashe wurin ake yi, ba a tura kogi guda don a cika tulu.

Laka da ruwan gindi

Jan ruwan farkon damina shi ke ɗauke da takin fadama. In ka tare shi, lakar ta kwanta a tafkinka ta cinye maka wuri, abin da ka saki kuma ya fita garau da yunwa, ya riƙa cin gangar kogi don ya maye abin da aka ƙwace masa. A Sudan, a kan kogin Nilu mai saukowa daga Habasha, wanda garin Mai Wurno ke bakinsa, an daɗe ana tafiyar da dam ɗin Rusairis da na Sinnar a kan wannan fahimta: a bar tafki ƙasa lokacin da ruwa ya fi kauri don lakar ta wuce, sai cikowa ta fara sauka a tare mai tsabta. In ruwan da ke shigo maka ya isa, yi haka.

Ka yi hattara da ruwan gindin tafki a lokacin zafi. Ba iska a cikinsa, wani lokaci har warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. In ka daɗe ba ka buɗe bawul na ƙasa ba, fara da kaɗan, in da hali ka gauraya shi da na sama, in ba haka ba da safe za ka tarar da karfasa ta yi fari a bakin ruwa. Inda kuma akwai injin wuta, irin Kainji da Shiroro, jarabar ita ce a buɗe da yamma a rage da asuba bisa buƙatar lantarki, kogi ya riƙa hawa da sauka kullum. Duk abin da ya yi ƙwai a gefe, rana za ta same shi a tudu.

A bakin tafkin kansa, ruwan da ya tsaya cak wuri ɗaya gidan sauro ne da dodon koɗi. Tun shekarun 1930 da 1940 masu dam-dam na kogin Tenesi a Amurka suka riƙa ɗaga ruwa da sauke shi kaɗan a lokacin sauro don tsutsar ta bushe a ganga. Mu ma mun gwada da 'yan santimita a kaka, kuma ba ya cin ruwa mai yawa. Masu noma a gefen da ruwa ya ja, a roƙe su su rage feshi, don abin da suka fesa shi gari zai sha.

Kada ruwa ya riga labari isa

Wata shekara, cikin ƙarshen Agusta, mun bar tafki ya cika fiye da yadda takardarmu ta ce, saboda daga sama an fi son a ga ruwa da yawa don rani. Ruwa ya kwana biyu yana zuba a tudu. Ƙarfe ɗaya na dare umarni ya zo a buɗe duka, kuma a wannan lokacin babu wata hanya, in ba a buɗe ba dam ɗin ne zai tafi. Ni na murɗa. Kwana uku bayan haka na je ƙauye na shida. Wata tsohuwa na tsaye a ruwa zuwa cinya, tana lalubo kan gero da hannu tana jefawa a ƙwarya, ƙwaryar na yawo a gefenta. Ta gane ni. Ta ce, "Ɗana, ruwan ba naka ba ne, na Allah ne. Amma da ka aiko yaro da yamma, da na kwashe awakina."

Daga wannan shekara ban ƙara yarda tafki ya shiga Agusta ba tare da wurin da zai karɓi marka ba, ko da za a kira ni a yi mini faɗa. Muka ja jan layi a jikin geji, muka rubuta kwanan wata a gefensa: kafin ranar nan, ruwa ba ya wuce nan. Abin da ya haura a sake shi da rana, sannu, kuma shi ne ma yake zama cikowar da fadama ke jira. Mutanen bakin Binuwai da suka ga 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru a kan kogin da ya riga ya cika, sun san darajar kwana ɗaya na sanarwa.

Tsarin da muka kafa ba shi da tsada. Kowane ƙauye akwai mutum biyu da nake da lambarsu, ɗaya na mai gari, ɗaya na sarkin ruwa, don in wayar ɗaya ba caji ta ɗayan ta shiga. Sakin da aka shirya ana faɗarsa a masallacin Juma'a mako biyu kafin ranar, a maimaita a kasuwa, a aika wa arɗo a ruga, domin shi ne wanda ake mantawa kuma shi ne mai shanu a tsakiyar kogi. Ba a cewa kubik mita kaza, ba wanda zai gane. Cewa ake yi ranar Talata ruwa zai kai gindin tsamiyar makaranta, ranar Asabar zai kai dutsen wanki. Na gaggawa kuwa, ko ƙarfe nawa ne, sai na kira ƙauye na farko da na biyu na ji muryarsu kafin hannuna ya taɓa bawul, sauran kuma yaron geji na kiransu ina murɗawa.

Bayan kaka, ka koma ƙauyukan da littafinka. Tambayi ina ruwa ya kai, kwana nawa ya yi, buhu nawa aka samu, wane kifi ya dawo, rijiya ta kai wane wata. Rubuta a shafin da ke fuskantar lambobin gejin wannan shekarar, don wanda zai karɓi mabuɗin bayanka ya ga su tare. A shekara ta huɗu da fara wannan tsari na rubuta a nawa cewa geji a gadar ƙauye na huɗu ya kai mita 2 da santimita 35, ya yi kwana 19 a nan. Tsohon masuncin ya riga ya rasu, ɗansa ne ya kai ni gindin giyayyar a cikin kwale-kwale, muka tarar saura yatsa uku ruwa ya taɓa fentin.